Sandar golf ta rabin miliyan a kan tsandaurin Kano

Duk wanda ya bi ta Gezawa ya nufi Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, ba zai rasa ganin kanya a tsakiyar gonaki ba, tana tsaye tare da gawo da ɗorawa da tsamiya. Yara sun san ta da 'ya'yanta, masassaƙa sun san ta da tauri. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kanya 'yar gida ɗaya ce da wata bishiyar Amurka mai suna fasimon. Masana tsirrai sun haɗa su a zuriya guda da suke kira Diospyros. Da itacen fasimon ɗin nan aka yi shekara da shekaru ana sassaƙa kan manyan sandunan wasan golf, wasan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu.

Shi ya sa har gobe 'yan wasan ke kiran waɗannan sanduna "katako" a harshensu, duk da cewa yanzu babu ko tsinken itace a jikinsu. Abin da ke kasuwa a yau haɗin gambiza ne: fuska ta ƙarfe, gindi na ƙarfe, rufi na zaren kabon, an manne su da gam. Sabuwa fil daga manyan kamfanoni tana kai wa dala 300 zuwa 400 a Amurka. A canjin da muka tsinci kanmu a ciki tun da aka saki naira a 2023, kuɗin na tasam ma rabin miliyan, ba a yi maganar dako da kwastan ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Sanda ɗaya ke nan, a jakar da doka ta yarda a zuba guda 14.

To, shin tana biyan kuɗinta a filayenmu? A ganina tana da amfani na gaskiya, amma bai kai yadda talla ke kururutawa ba, kuma ƙasarmu ta rani tana cinye kaso mai yawa daga cikinsa.

Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, wannan ai wasan masu hannu da shuni ne. Haka ne. Amma wasan ba baƙo ba ne a Arewa. Kulob ɗin golf na Kano ana danganta kafuwarsa da 1908, shekara biyar kacal bayan Turawa sun ci birnin a 1903. Na Rayfield da ke Jos ana danganta shi da 1913. A bayan kowane alhaji ko hafsan soja da ke riƙe da sanda akwai yaro mai ɗaukar jaka, da masu share fili, da masu ban ruwa, waɗanda abincinsu ke fitowa daga nan. Sannan cinikin da ake yi wa mai sayen wannan sanda shi ne dai cinikin da ake yi wa kowa a kan kayan aikin da aka ƙera a wata ƙasa, aka gwada a wata ƙasa, aka kawo mana.

Abin da kabon yake yi da wanda ba ya yi

Ga wanda bai san wasan ba: a cikin jaka akwai babbar sanda da ake kira direba, wadda ake buga ƙwallo da ita bayan an ɗora ta a kan ɗan turke. Sai ƙannenta, masu lamba 3 da 5 da 7, waɗanda akasari ake bugu da su daga ƙasa kai tsaye, a tsakiyar fili, lokacin da rami yake nesa. Su ne maganarmu. Fuskar mai lamba 3 tana kwance da kusan digiri 15, mai lamba 5 kusan 18, mai lamba 7 kusan 21. Gwargwadon kwanciyar fuska, gwargwadon tashin ƙwallo sama.

Nauyin kan sanda kusan a ƙayyade yake, giram 200 da 'yan kai. Idan ya wuce haka hannu ba zai iya wulwula shi da sauri ba, idan ya gaza ƙwallo ba za ta ji bugu ba. Saboda haka gasar maƙeran zamani ba ta rage nauyi ba ce, ta inda za a ajiye shi ce. A nan kabon ya shigo. Idan aka ɗauki gutsure uku masu girma ɗaya, na ƙarfe ya ninka na kabon nauyi kusan sau biyar, na taitaniyom kuma kusan sau uku. Idan aka cire rufin ƙarfe aka sa na kabon, sai a samu rarar 'yan giram da za a mayar can ƙasa ko can baya. Nauyi a ƙasa yana taimaka wa ƙwallo ta tashi. Nauyi a baya yana hana kan sanda murɗewa idan bugu bai faɗa tsakiyar fuska ba, ƙwallo ta rage karkacewa.

Wannan duk gaskiya ne, ba ƙaryar 'yan kasuwa ba. Sai dai kan waɗannan sanduna bai kai rabin na direba girma ba, wanda doka ta tsayar a sisi 460. Ƙaramin rufi, ƙaramar rara. Sannan hukumomin da ke riƙe da dokokin wasan, R&A ta Birtaniya da USGA ta Amurka, sun sa iyaka a kan yawan tsallen da fuskar sanda za ta iya yi wa ƙwallo. Manyan kamfanoni duk sun daɗe da isa bakin wannan katanga. Abin da ya rage musu 'yan gyare-gyare ne, sai kuma sabon fenti kowace shekara.

Akwai wata shaida da kamfanonin suka bayar da hannunsu. A 2022 TaylorMade ya fito da direba mai suna Stealth, mai jar fuska da aka yi da shimfiɗar kabon har 60, ya shelanta cewa zamanin ƙarfe ya wuce. Amma ƙannen wannan direba, masu suna ɗaya, da aka fitar a lokaci guda, fuskarsu ta ƙarfe ce ko ta taitaniyom. Kabon ya tsaya a rufi. Dalili a fili yake: direba ba ta taɓa ƙasa, su kuwa kullum suna gogar ta. Wanda ya ƙera abu ya fi kowa sanin inda zai karye.

Ba kuma yau aka fara gwada kabon ba. A 2002 Callaway ya fitar da direba mai suna C4 wadda kanta kusan duka kabon ne. Ba ta karɓu ba, kuma babban abin da aka yi ta kuka da shi shi ne ƙararta, wai ba ta da amo, kamar an bugi kwali. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa rabin wannan ciniki a kunne da zuciya yake, ba a yadi nawa ƙwallo ta tafi ba.

Ƙasa ce alƙali

Yanzu mu dawo gida. Filayen da ake gwada waɗannan sanduna a Kalifoniya da Ingila ciyawa ce shar, mai laushi, ana ba ta ruwa ana aske ta. Ƙwallo tana zama a kan ciyawar kamar ƙwai a kan auduga, akwai ɗan sarari a ƙarƙashinta da gindin sanda zai ratsa. Ko an ɗan riga bugun ƙasa kafin ƙwallo, sanda za ta zame ta wuce, bugu ya tafi.

A Kano ruwan sama na kirki daga Yuni ne zuwa Satumba. Sauran watannin rana ce da hunturu da ƙura. Duk inda bututun ban ruwa bai kai ba, ciyawa takan bushe ta kwanta, wani wuri ta ƙare ƙarƙaf ya zama fako. Ƙwallo tana zaune a kan tsandauri, babu komai a ƙarƙashinta. Idan sanda mai faffaɗan gindi ta riga dukan ƙasa da ko faɗin yatsa ɗaya, ba za ta zame ba, tsalle za ta yi, bakin fuskar ya sari ƙwallo a ciki ko a ka. Sakamakon shi ne ƙwallo ta bi ƙasa tana gangarawa kamar ɓera, mai sanda ya tsaya yana duban rabin miliyan ɗinsa.

Don a yi adalci, a kan irin wannan ƙasa nauyin da aka mayar ƙasa yana da rana. Tunda ƙwallo ba ta ɗago ba, bugu yakan faɗa ƙasan fuska, kuma sanda mai nauyi a gindi ta fi jure hakan. Amma ba sai da kabon ake samun wannan ba. A tsakiyar shekarun 1990 wani mai ƙera sanduna a jihar Texas, Barney Adams, ya fito da wata mai suna Tight Lies, wadda sunanta ma yana nufin ƙwallon da ta zauna a inda babu ciyawa. Gajeriyar fuska ya yi mata, ya faɗaɗa ƙasan kan fiye da samansa. Ƙarfe ce zalla. Ta yi kasuwa ƙwarai, don ta magance matsalar da mutane ke fama da ita. Siffa ce ta yi aikin. Texas kuwa, ga wanda bai sani ba, ƙasar zafi ce da iska da tauri, ta fi kama da tamu fiye da Kalifoniya.

Sai matsala ta biyu, wadda ba a cika faɗa ba. Babban alƙawarin sabbin sanduna shi ne nisa: ƙwallo ta fita da gudu, ta rage juyawa a iska, ta ƙara 'yan yadi. A filin damina na Turai, inda ƙwallo ke faɗuwa ta tsaya, wannan riba ce. A Kano a watan Fabrairu nisa kyauta ake samunsa. Ƙwallo tana dira ta yi tsalle ta ci gaba da gudu a kan busasshiyar ƙasa har sai ta gaji. Abin da ɗan wasa ke nema a nan shi ne yadda zai tsayar da ita. Ƙwallon da ba ta juyawa sosai, ta sauko a kwance, ita ce ke wuce rami ta faɗa cikin ƙaya. Wato kana biyan kuɗi mai yawa don a ƙara maka abin da rani ya riga ya ba ka har ya yi yawa.

Saboda haka ni da za a tambaye ni, mai wasa a Kano ko Katsina ko Zariya ya fi buƙatar mai lamba 5 ko 7, mai gajeriyar fuska da siririn gindi, ko ta ƙarfe ce ta gwanjo, a kan sabuwar mai lamba 3 da rufin kabon. Akwai masu jin kunyar riƙe mai lamba 7, wai ta tsofaffi ce da mata. Dustin Johnson yana da ita a jakarsa lokacin da ya ci gasar Masters a 2020, kuma a lokacin shi ne na ɗaya a duniya.

Manomi ya riga mu sani

Wannan ilimi ba sabo ba ne a Zakirai. Yankin yana cikin ƙasar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye Kano, wadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta nazari tun shekarun 1960, yana mamakin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu kuma ba ta mutu ba. Mutanen da suka iya wannan sun san kayan aikinsu. Manomi ba ya sayen fartanya don ƙyallinta. Yana ɗaga ta ya ji nauyi, ya duba lanƙwasar ƙota, ya duba kusurwar da ruwan fartanyar ya yi da ita, don ita ce ke nuna ko za ta shiga ƙasa ko za ta riƙa zamewa, kuma ita ce ke nuna ko bayansa zai kai la'asar. Ya san ta jigawa daban, ta fadama daban. Doguwar hauyar nan da ake turawa a tsaye a yashin Maraɗi da Damagaram tana cin gona cikin sauri a can, amma kawo ta ƙasa mai laka ka ga yadda za ta zama sandar kiwo.

Kuma yana tambayar abin da mai sayen sandar golf ba ya tambaya: idan ta karye, wa zai gyara? Ƙotar marke ko ta aduwa idan ta tsage, masassaƙi yana nan. Ruwan fartanya idan ya dakushe ko ya lanƙwashe, maƙeri zai mayar da shi wuta. Kan sanda na ƙarfe idan ya loɓa, sau da yawa ana ci gaba da wasa da shi. Kabon ba ya loɓawa, tsagewa yake yi. Bugu ɗaya da ya shiga ƙarƙashin ƙwallo ta daki rufi, ko karo da sauran sanduna a bayan mota a kan hanya mai gargada, yana iya barin tsaga. Babu mai walda a Kofar Ruwa da zai ɗinke ta. A Amurka sai a mayar wa kamfani. Wanda ɗan uwansa ya sayo masa daga Dubai ko Landan, ina zai kai ƙara?

Ga kuma zafi. Abin da ke riƙe da rufin da gindin, da kuma kan da ƙotar, gam ne. Masu gyaran sanduna da zafi suke narkar da wannan gam idan za su cire kai. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar da ta wuni a rana. Ba na cewa sanda za ta wargaje a rana ɗaya, amma duk inda mahaɗa ta yi yawa, wurin lalacewa ya yi yawa. Yashi kuma takardar goge katako ce. Duk bugun da aka yi a kan fako yana cin gindin sanda.

Sai jabu. Kasuwar sandunan golf ta duniya cike take da na bogi, kuma rufin kabon ya sauƙaƙa wa masu yi, don zanen saƙar kabon ana iya buga shi a kan kowane irin gwangwani a shafe da fenti mai sheƙi. Wanda ya saya ta hoto a WhatsApp ko Instagram, bai riƙe ba, bai buga ba, ya yi cinikin biri a sama.

Hannu ko sanda?

A 1979 Gary Adams ya kafa TaylorMade da sanda mai kan ƙarfe, Callaway ya biyo da Big Bertha a 1991, amma duk da haka a 1993 Bernhard Langer ya ci Masters da direbar fasimon. Henrik Stenson ya ci gasar Open ta Birtaniya a 2016 yana dogaro da wata tsohuwar mai lamba 3 da ya shekara da shekaru yana bugawa, alhali kamfani zai ba shi sabuwa kyauta duk ranar da ya so. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mu ma muna da namu tarihin. A da, filaye da dama a Najeriya ba su da korayen da'irori a bakin rami, yashi ne ake cakuɗawa da mai a daddaɓe, ana share shi kafin kowane bugu. A kan irin wannan fili a Ikoyi ta Legas aka riƙa buga gasar Nigerian Open, wadda ƙwararrun Turai ke zuwa lokacin sanyinsu. A 1981 Peter Tupling na Ingila ya gama ramuka 72 da bugu 255, abin da ya zama tarihi a duniya a lokacin. A 1988 wani saurayi ɗan Fiji mai suna Vijay Singh ya ci gasar. A 2004 shi ne ya sauke Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya. Babu rufin kabon a jakar ko ɗaya daga cikinsu lokacin da suka zo nan.

Kada a fahimce ni baibai. Dattijon da ƙarfinsa ya ragu, ko wanda ya fara wasa bayan ya yi ritaya, zai ji daɗin sanda marar nauyi mai yafe kuskure, kuma a damina, lokacin da fili ya yi kore ƙasa ta yi laushi, sabuwar sanda tana nuna kanta. Mai wasa a filin IBB na Abuja, inda ake ban ruwa, lissafinsa daban ne. Ƙotar kabon ma, wadda ta daɗe da maye gurbin ta ƙarfe a waɗannan dogayen sanduna, ci gaba ce da babu mai musu. Wanda yake da hali ya saya, kuɗinsa ne. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauka cewa kayan da aka yi kai da shi ne ke buga ƙwallo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin yaran da ke ɗaukar jaka. Yawancin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga nan suka taso. Yaro ya baro ƙauye irin Zakirai ya shigo birni ci-rani, ya samu ɗaukar jaka, ya wuni yana kallon yadda ake bugu, da yamma ya ari tsohuwar sanda ya gwada a gefen fili. Irin waɗannan yara sun fi iyayen gidansu sanin tsandauri, don a kansa suka koya. Sun san yadda ake sauko da sanda a tsaye a ɗauke ƙwallo tsaf ba a taɓa ƙasa ba, dabarar da wanda ya koya a kan ciyawa mai laushi ba ya da ita. A daidai lokacin da fasaha ta sa wasan ya fi kowane zamani sauƙin koyo, a lokacin ne naira ta faɗi har sanda ɗaya ta fi ƙarfin abin da za su tara a shekara. Kanya ta nuna, biri ya karye.

Duk lokacin da wani babba ya sayi sabuwa, akwai tsohuwa da ke komawa sito ta yi ƙura. Kulob-kulob ɗinmu za su iya buɗe rumbun tara irin waɗannan, a rubuta su, a riƙa ba yaran aro, a ware musu safiya ɗaya a mako da za su shiga fili a matsayin 'yan wasa ba 'yan dako ba. Ba ya buƙatar kasafin gwamnati ko kwamiti. Kuma idan mambobi goma da ke shirin canza sanda a bana suka haɗa kuɗin wuri ɗaya, ya kai naira miliyan biyar. Wannan ya isa a fara maganar rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana a ɓangaren filin da ya fi bushewa, inda sandunan da ke jakarsu yanzu za su samu ciyawar da aka ƙera su dominta.